Na'urar sauraron kukan tsuntsaye dare da rana a bayan gida: haɗa ta da gyaranta

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana kan kafa na'urar da za ta riƙa sauraron kukan tsuntsaye a bayan gida ba tsayawa, tana rubuta sunan kowane da lokacin da ya yi kuka. Abin da ke hannu: 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 mai giga 4, memori mai giga 32, da ƙaramin makirufo irin na maƙalawa a wuyan riga. Bayan gidan akwai dalbejiya ɗaya da mangwaro, katanga ta zagaye, rufin kwano ne. Wuta ba ta tsayawa. Daga ina ake farawa, kuma me zan ƙara saya?

Injiniya Mai Sola:
Wa alaikumus salam. Kwamfutar ta isa har da saura. Manhajar da aka fi ɗorawa ita ce BirdNET-Pi, wadda aka gina a kan BirdNET, tsarin gane tsuntsu daga kukansa, na cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka da Jami'ar Fasaha ta Chemnitz a Jamus. Wanda ya fara ta ya daina kula da ita, reshen da wani mai suna Nachtzuster ke riƙe da shi ne ake ci gaba da gyarawa, shi za ka nema. Akwai kuma BirdNET-Go, wadda ke tafiya har a tsohuwar laftof.

Ka ɗora Raspberry Pi OS Lite mai bit 64 a memorin, mai 32 ba zai yi ba. Tun a Raspberry Pi Imager, manhajar da ke ɗora shi a memori, ka saka sunan Wi-Fi, kalmar sirri, ka buɗe SSH (hanyar ba Pi umarni daga wata na'ura), ka zaɓi agogon Africa/Lagos. Umarni ɗaya ake liƙawa ya girka komai, amma yana jan data sosai, kada wuta ta yanke a tsakiya. Idan ya gama, ka buɗe birdnetpi.local a wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da shi. Daga nan tantance kuka ba ya buƙatar intanet, a cikin Pi ɗin ake yin komai.

Abu ɗaya da ba ka ambata ba: Pi ba shi da ramin makirufo. Ramin da ke jikin Pi 4 na fitar da sauti ne kawai. Dole sai katin sauti na USB, ko makirufo mai USB kai tsaye.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
Yaro, kafin ka sayi katin ka dubi bakin filogin makirufon naka, ka ƙirga zoben baƙi. Idan uku ne, na wayar salula ne. Yawancin katin sauti masu rami biyu, ja da kore, mai zobe biyu suke karɓa. Ka cusa mai uku, ko dai shiru, ko wani huci kamar ana soya ƙosai daga nesa. Akwai 'yar mahaɗa da ke mayar da uku zuwa biyu, ko ka sayi kati mai rami ɗaya da aka yi don abin kunne na waya.

Na biyu, irin waɗannan ƙananan makirufo ba sa aiki sai an ba su 'yar wuta ta cikin wayarsu, bolt 2 zuwa 5. Katin ne ke bayarwa, kuma ba kowane ke bayar da isasshe ba. Ka ɗora mita a ramin ka gani. Wanda ke cin ƙaramin batir a jikinsa kuwa ka ajiye shi, aikin dare da rana zai shanye batirin, na'ura ta yi ta ɗaukar shiru ba ka sani ba.

Idan kana iya riƙe ƙarfen soda, ƙwayar makirufo tsirara ta fi: Primo EM272 ko PUI AOM-5024. Dukkansu tazarar sauti da hucinsu desibel 80 ce, na riga masu araha kuwa da yawa ba su wuce 60 da 'yan kai ba. Wannan bambancin shi ne tsakanin jin tsuntsun da ke kan katangarka kaɗai da jin wanda ke bishiyar maƙwabta. Ƙafa biyu ce kawai, wadda ke haɗe da jikin gwangwanin ita ce ta negatif. Kada ƙarfe ya wuce sakan biyu ko uku a kai, zafi yana kashe ɗan taransiston da ke ciki.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba, zobe uku ne kuwa. To Pi ɗin a waje zan ajiye shi cikin akwatin roba, ko a ɗaki in ja waya?

Injiniya Mai Sola:
A ɗaki, ko aƙalla a rumfa mai inuwa. Pi 4 yana fara rage gudu da kansa idan ya kai digiri 80. A watan Afrilu da iska kanta ke haura 40, akwatin roba a rufe cikin rana tanderu ne. Idan gudu ya ragu, faifan sauti sai su taru suna jiran layi, ka ga sakamakon asuba yana fitowa da hantsi. Ka sa masa gidan alminiyam mai haƙarƙari wanda ba shi da fanka, domin fanka na jan ƙurar hunturu ciki, kuma idan makirufo na kusa zai ɗauki kukanta. Umarnin vcgencmd measure_temp zai nuna maka zafin.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
A nan zan ɗan ja da Injiniya. Ɗaki ya yi, amma ba a jan wayar makirufo mita goma sha. Sautin da ke cikinta ɗan mitsitsi ne, duk abin da ta wuce kusa da shi sai ta kwasa: inbata, caja, wayar wutar gida. Za ka ga layi a miƙe a ƙasan hoton sauti, wato zanen da manhajar ke yi wa abin da ta ɗauka, a haz 50 da 100 da 150, shi ne gurnanin wutar gida. Mita uku zuwa biyar da waya mai saƙar tagulla a zagaye, nan ne iyaka. Idan nesa ta fi haka, katin sautin za ka kai kusa da makirufo ka ja USB, shi ma mita 5 ne ƙa'idarsa sai in mai ƙara ƙarfi ne. Ya wuce nan, to Pi ɗin ya tafi can cikin inuwa, a ja masa kebul na intanet, wanda ke kai mita 100 kuma ana iya tura wuta ta cikinsa.

Injiniya Mai Sola:
Ban musa ba Baba. Gyara kayanka.

Malamar Halittu:
Duk kun yi maganar ƙarfe, bari in yi ta wurin da kunnen zai zauna, don nan ne yawancin tashoshi ke lalacewa. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel 6. Wannan doka tana aiki a kan tsuntsu, tana aiki a kan janareta. Matsar da makirufo daga mita 2 zuwa mita 8 daga tushen hayaniya ya rage ta da desibel 12, abin da babu saitin manhaja da zai ba ka.

Kada a liƙa shi a jikin katanga ko a lungun da bango biyu suka haɗu, amsa-kuwwa na cakuɗa kukan. A ba shi aƙalla mita ɗaya daga bango, tsayin mita biyu zuwa uku daga ƙasa. Kada a sa shi ƙarƙashin kwano kai tsaye: da damina ruwa zai rufe komai, da rani kwanon na ƙas-ƙas yayin da yake buɗewa da zafi. Cikin ganyen dalbejiya ma ba wuri ba ne, iska kaɗan sai shuuu. Sanda a fili tsakanin bishiyoyin biyu ta fi.

Gidan makirufo: guntun bututun roba na famfo mai inci ɗaya da gwiwa a kai, bakin na kallon ƙasa. Ƙwayar ta tsaya daidai bakin bututun, kada ta shige ciki, in ba haka ba bututun zai zama sarewa ya ƙara wa wasu muryoyi ƙarfi ya danne wasu. A sa mata soso, a ɗaure ƙyallen gidan sauro a baki. Ƙyallen nan ba ado ba ne. Zanzaro na son rami irin wannan, kwana biyu ya ishe shi ya toshe shi da laka. Kada a naɗe da leda, tana kashe sautuka masu kaifi kuma tana tara raɓa. Waya kuma a bar mata lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa cikin kati.

Da hunturu a cire soson duk sati biyu a kakkaɓe. Ƙura ba ta kashe sauti gaba ɗaya, a hankali take cinye na sama, sai ka ga ƙananan tsuntsaye sun ragu a lissafi, kurciya na nan daram, ka ɗauka yanayi ne.

Na Maraɗi:
Sannunku da aiki. Batun wuta fa, tunda mu ma nan haka take. Fawa bank ba zai riƙe ba?

Injiniya Mai Sola:
Yawancinsu ba za su yi ba, kuma ba don ƙarancin caji ba. Lokacin da wuta ta zo ko ta tafi, suna yanke fitarwa na ɗan ƙiftawar ido kafin su juya. Waya ba ta damu ba, Pi kuwa ya mutu ya tashi. Idan hakan ya faɗa daidai lokacin da yake rubutu a memori, wata rana ba zai tashi ba sam.

Ga lissafin. Pi 4 da katin sauti a wannan aiki, ka ɗauka wat 5 don a bar sarari. Sau awa 24, wat-awa 120 ke nan a yini, da asarar juya wuta ka ce 150. Ƙaramin batirin UPS mai bolt 12 da am-awa 7 yana da wat-awa 84, rabinsa kawai ake ci idan ana son ya daɗe, wato kamar awa takwas. Ba zai kai ka daga magariba zuwa fitowar rana ba, kuma asuba ita ce kasuwar tsuntsaye. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai am-awa 20 yana da wat-awa 256, zai yi kwana ɗaya da rabi ba caji. Faifan sola mai wat 50 a takarda ya isa, amma da hazon hunturu da gajimaren Agusta ka sa mai 80 ko 100 ka huta.

Daga batir zuwa Pi a sa ɗan allon rage wuta daga 12 zuwa bolt 5.1, mai iya ba da am 3. Kada a bi ta inbata a dawo ta caja, asara biyu ce da ƙarin ƙara. Wayar USB ta zama gajera mai kauri. Idan wuta ta faɗi ƙasa da kusan bolt 4.63, Pi na ƙorafi, katin sauti kuma ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Ka buga vcgencmd get_throttled: idan ya ba ka 0x0 lafiya lau, wani abu daban kuwa wuta ko zafi ya taɓa shi tun tashinsa. Masu rage wuta na araha wasu suna yin wani siririn fito da ke fitowa a hoton sauti kamar zare a miƙe. Idan ka gani, ka nisanta shi da wayar makirufo, in bai tafi ba ka canza shi.

Ɗan Zangon Tamale:
A ƙara da agogo. Pi 4 ba shi da agogon da ke tafiya in an kashe shi, daga intanet yake ɗaukar lokaci. Idan ya tashi babu intanet zai ci gaba daga lokacin da ya tuna na ƙarshe, sai ka ga mujiya ta yi kuka da azahar. Ɗan allon agogo DS3231 mai batirin kwabo yana magance wannan, ƙafa huɗu ne. Pi 5 yana da nasa a ciki, batir kawai ake sa masa. Mu a Gana agogon Africa/Accra ne, awa ɗaya bayan Najeriya da Nijar.

Sai wurin zama a taswira. Manhajar na tace jerin tsuntsaye da wurin da kake da kuma makon shekara. Lokacin girkawa tana ƙiyasta wurin daga adireshin intanet, layin waya kuwa sau da yawa babban birni yake nunawa, mutum na Katsina a ajiye shi a Legas. A gyara da hannu. Kano 12.0 da 8.5 ce. Wanda ya juya su ya rubuta 8.5 da 12.0 ya koma wajen Ganye a Adamawa. Tamale 9.4 da -0.8, da alamar ragi, don muna yamma da layin Girinwic.

Ɗan Tudun Wada:
An haɗa, yana aiki tun jiya. Amma abu biyu. Hoton sauti kusan baƙi ƙirin ne, sai an tafa hannu yake motsi. Kuma cikin dare ya rubuta wani tsuntsu sau fiye da ɗari, na duba hotonsa ban taɓa ganin irinsa a unguwar nan ba.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
Na farko ƙarfin shiga ne ke ƙasa. Ka buga arecord -l ka tabbata katin ya fito. Sannan alsamixer, F6 ka zaɓi katin, F4 ka shiga ɓangaren ɗauka, ka ɗaga zuwa wajen kashi 70 ko 80. Idan akwai mai daidaita ƙarfi da kansa, ka kashe shi, don da an yi shiru sai ya ɗaga huci ya cika faifan. Kada ka kai ƙarshe, kurciya ta sauka kusa sautin ya fashe. Ka rufe da sudo alsactl store, in ba haka ba da an sake kunnawa ya koma gidan jiya.

Malamar Halittu:
Na biyun kuma ina kyautata zaton gyare ne. Ka saurari faifan, za ka ji. Wannan ne wurin da ya kamata a fahimci yadda abin ke aiki.

BirdNET na yanka sauti gunduwa-gunduwa na sakan 3, ya mai da kowane hoto, ya kwatanta da abin da ya koya na nau'i sama da 6,000. Lambar da yake bayarwa, 0.7 ko 0.9, ba tana nufin kashi 70 ko 90 cikin ɗari gaskiya ba ne. Maki ne kawai, kuma ma'anarsa ta bambanta daga tsuntsu zuwa tsuntsu. A wani nau'in 0.5 ma daidai ne kusan kullum, a wani 0.9 ƙarya ce tsagwaronta. Dalili shi ne abin da aka koya masa da shi: faifan da mutane suka tara a rumbunan kukan tsuntsaye na intanet, xeno-canto da Macaulay Library, inda tsuntsayen Turai da Amurka ta Arewa ke da ɗaruruwan faifai, namu na Sahel da yawa 'yan kaɗan. Ƙwarinmu da kwaɗinmu kuwa bai san su ba, sai ya laƙaba musu sunan tsuntsun da ya fi kama.

Saboda haka makonni biyun farko na saurare ne. Kowane nau'i da ya fito, a buɗe faifai talatin zuwa hamsin, wasu masu ƙaramin maki wasu masu babba, a kwatanta da na xeno-canto da aka ɗauka a Afirka ta Yamma. Wanda ya tabbata ƙarya ne kullum a jefa shi jerin waɗanda aka hana. Kurciya, hazbiya, hankaka, ragon maza, cilakowa, gado a lokacin saƙar sheƙa, waɗannan kunnenka ya riga ya san su, da su za ka auna ko na'urar na ji daidai.

Akwai tarkon da ko ƙwararre na faɗawa. Ɗan jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaki a tsakar gida, Lagonosticta senegala, akwai wani baƙi mai sheƙi, Vidua chalybeata, da ke saka ƙwai a sheƙarsa, 'ya'yansa su tashi suna kwaikwayon kukan mai riƙonsu. Na'ura za ta rubuta jan, alhali baƙin ne a kan waya. Haka kanarin keji na maƙwabci, da ƙarar kiran waya, da talabijin. Wasu kuma ba za su taɓa fitowa ba ko suna kan rufinka: shamuwa ba mai yawan kuka ba ce, zuwanta farkon damina da ido za ka rubuta shi.

Na Maraɗi:
To Malama, ba sai a ɗaga makin zuwa 0.9 a huta ba?

Malamar Halittu:
Za ka huta, amma ka zubar da rabin abin da ka kafa na'urar dominsa. Tsuntsaye masu ƙaura da ke zuwa daga Turai wajen Satumba da Oktoba su koma Maris da Afrilu ba sa rera cikakkiyar waƙa a nan sosai, 'yar gajeriyar kira suke yi, makinta ba ya hawa. Ni shawarata a bar 0.7 da yake zuwa da shi, da kaifin ji a 1.25, har a yi wata guda. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, a rubuta ranar da aka taɓa, in ba haka ba ba za ka san ko tsuntsaye ne suka ƙaru ko saiti ne ya canza ba.

Injiniya Mai Sola:
A nan ni ina ganin a taɓa abu ɗaya tun farko: haɗewar gunduwa. Yana zuwa a sifili, ma'ana kukan da ya faɗo a kan iyakar sakan 3 an raba shi biyu, kowane rabi bai isa a gane shi ba. Idan aka sa 1.5, kowace gunduwa na hawa kan rabin wadda ta gabace ta, aikin kwamfuta ya ninka biyu. Pi 4 na iya ɗaukar wannan. Pi 3B+ da Zero 2 W kuwa a bar su a sifili.

Malamar Halittu:
Na yarda, da sharaɗin a san cewa adadin zai kumbura. Kuma dama adadin ba yawan tsuntsaye ba ne. Kurciya ɗaya mai naci za ta ba ka ɗari uku kafin azahar. Abin da ke da amfani shi ne: an ji shi yau ko ba a ji ba, da wane lokaci, a wane mako ya fara, a wane ya daina.

Ma'aunin da ke tace jerin wuri yana zuwa a 0.03. An gina shi ne a kan rahotannin eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, waɗanda ba su da yawa a yankinmu, don haka yakan hana tsuntsun da ke gabanka. Idan kana jin wani kullum amma bai taɓa fitowa ba, duba ko yana cikin jerin kafin ka zargi makirufo. A sauke zuwa 0.01, a shirya karɓar ƙarin shirme.

Kuma don Allah kada a kwashe jerin na'ura a zuba a eBird. Ƙa'idarsu mutum ne ya gani ko ya ji da kansa yana wurin. Idan wani abin mamaki ya fito, a ajiye faifan a nemi masu kunne, irin mutanen cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ko masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya.

Ɗan Zangon Tamale:
Wani zai ce yana da kyamarar tsaro mai makirufo, a ja sautin ta RTSP, hanyar da kyamara ke tura hoto da sauti ta Wi-Fi ko kebul. Yana yiwuwa, manhajojin biyu na karɓa. Sai dai yawancin kyamarori na ɗaukar sauti a kilohaz 8 ko 16, wato abin da ya wuce kilohaz 4 ko 8 ya tafi, alhali BirdNET a 48 yake aiki yana duba har wajen 15. Ga kuma tace hayaniya da aka yi don muryar mutum, wanda ke ɗaukar kukan tsuntsu a matsayin datti. Za ka samu kurciya da hankaka, ƙananan su ɓace.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
Akwai maganar da ba wanda ya taɓo, kuma ta fi duk waɗannan nauyi. Makirufon da ke jin tsuntsu a bishiyar maƙwabta yana jin matan gidan maƙwabta. Yana jin naka iyalin a tsakar gida. Shafin na'urar yana da wurin sauraro kai tsaye, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinka zai iya kasa kunne idan ba ka sa kalmar sirri ba. Ka sa ta yau. Ka gaya wa mutanen gida abin da sandar nan ke yi, maƙwabcin da kuke katanga ɗaya shi ma ya sani.

Injiniya Mai Sola:
Gaskiya ne. Akwai saitin sirri daga 0 zuwa 3 da ke watsar da gunduwar da aka ji muryar mutum a ciki. Yana zuwa a sifili, a ɗaga shi. Ba ya kama komai, kuma a gida mai yara zai zubar da tsuntsaye da yawa tare da muryoyin, amma gara hakan. Wanda zai haɗa da BirdWeather, shafin da ke tara sakamakon irin waɗannan tashoshi, ya sani cewa guntayen faifan na fita duniya kowa ya saurara, tashar kuma na bayyana a taswira. A taƙaita lambobin wuri zuwa biyu bayan ɗigo, kuskuren kusan kilomita ɗaya ke nan, bai shafi jerin tsuntsaye ba.

Ɗan Tudun Wada:
An sa kalmar sirri, an ɗaga na muryar mutum zuwa 2. Saura memori, 32 ɗin zai kai ni ina?

Injiniya Mai Sola:
Ɗanyen sauti a kilohaz 48, bit 16, layi ɗaya, kilobayit 96 ne a sakan, kusan giga 8.3 a yini. Amma ba a ajiye shi, ana tantancewa a goge, guntayen sakan 6 na inda aka ji tsuntsu kawai ke zama. Don haka cika ba ita ce matsalar farko ba, kuma idan ya kusa cika manhajar na share tsofaffi da kanta. Wanda kake so ya tsira sai ka kulle shi a shafin. Matsalar ita ce rubutu da gogewa dare da rana, wanda ke gajiyar da memori na waya. Ka nemi irin na kyamarar mota da aka yi don rubutu ba tsayawa, giga 64, daga wurin da ka amince da shi don jabu sun yi yawa, ko ƙaramin ma'ajin bayanai irin SSD ta USB. Duk ƙarshen wata ka kwafe fayil ɗin birds.db zuwa wata na'ura, a cikinsa duk tarihin yake. Idan ka sa SSD, ka sake duba get_throttled bayan kwana ɗaya, don shi ma yana jan nasa rabon wutar.